Ƙwannafi da Cin Abinci Shekaru Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Tambayoyi da Amsoshi

A nan Jihar Kebbi, galibin waɗanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba ba a gida aka yi musu ba. Wasu Masar suka je, wasu Indiya ko Turkiyya ko Dubai, wasu kuma Legas ko Abuja. Sukan dawo da takardar abin da za su ci a makonnin farko, daga nan sai zancen ya yanke. Likitan da ya yi aikin yana can nesa, rauni ya warke, 'yan'uwa sun gama barka. Sai bayan shekara uku ko biyar ko takwas ƙirji ya fara zafi da dare, ko jiri ya riƙa ɗibar mutum in ya sha fura, ya rasa wanda zai tambaya. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini a wurin aikina na ba da shawara kan abinci. Tumbin da aka rage ba ya komawa yadda Allah ya halicce shi da farko, don haka kula da shi aiki ne na tsawon rai.

Malama, shekarata shida da tiyata. Me ya sa sai yanzu ƙwannafi ya taso mini?

Hajiya, ba ke kaɗai ba ce. In tiyatar da ake kira silib aka yi miki, wadda ita aka fi yi a duniya yanzu, an yanke kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbinki an fitar. Ɓangaren da aka cire shi ne mai buɗewa ya karɓi abinci. Da can tumbi kamar buhu yake, ana zubawa yana faɗaɗa, yanzu kuwa ya koma tiyon ban-ruwa: in aka cika shi, abin da ke ciki sai ya nemi mafita, kuma sama yake yi. Akwai wata tsoka a mahaɗar maƙoshi da tumbi da ke tsuke ƙofar don kada asid ya hau, yankan kuma yakan rage mata ƙarfi.

Abin da ke kawo jinkirin shi ne, a shekarun farko kitsen da ke danne ciki yana zubewa, ke kuma ɗan kaɗan kike ci, sai matsalar ta lafa. Daga baya saman tumbin yakan buɗe ya riƙa tara abinci da asid, ko ya zame ya haura cikin ƙirji ta ƙofar tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ko tsakiyarsa ta tsuke. In ƙiba ta soma dawowa kuma, abin sai ya ƙaru.

An auna wannan. A Suwizalan an bi mutum 217 har shekara biyar, aka fitar da sakamakon a 2018. Cikin waɗanda ba su da ƙwannafi kafin aiki, kusan ɗaya cikin uku na masu silib sun same shi, amma a masu ɗaya tiyatar, wato baifas, kusan ɗaya cikin goma ne. A Finlan kuma, da aka leƙa cikin mutane da kyamara bayan shekara goma, kashi 31 na masu silib asid ya ƙona musu maƙoshi, masu baifas kashi 7.

Gaskiya ni ban san irin tiyatar da aka yi mini ba. Da bambanci ne?

Da bambanci babba, kuma wannan ce tambayar da nake fara yi wa kowa. A baifas, wadda Dakta Edward Mason ya fara a Amurka a shekarun 1960, ba a fitar da tumbi. Ana ware ɗan aljihu ne a samansa, mai ɗaukar kimanin mililita 30 a farko, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Mai wannan ya fi fama da ƙarancin sinadarai da faɗuwar suga, mai silib ya fi fama da asid. Akwai kuma ƙaramin baifas mai mahaɗa ɗaya, wanda ruwan matsarmama kan hau sama, mai ɗaci, rawaya ko kore, shi kuma maganin asid ba ya tsayar da shi. Sannan akwai zoben da ake ɗaure saman tumbi da shi, wanda kan zame bayan shekaru ya sa abinci ya riƙa dawowa baki.

Ka nemo rahoton tiyatarka. In ya ɓace, ka rubuta wa asibitin da suka yi maka su turo kwafi. In hakan ya gagara, kyamarar ciki ko hoton da ake ɗauka bayan an sha farin ruwan nan na bariyam zai nuna. Ka rubuta sunan aikin da shekararsa a ɗan kati ya zauna a aljihunka, iyalinka su ma su sani.

Baifas aka yi mini, amma bakin cikina yana zafi kamar ana hura wuta. Asid ne?

Alhaji, a wurinka abin da za a fara zargi shi ne gyambo a daidai inda aka ɗinke aljihun da hanji. Hanji ba shi da kariyar da tumbi ke da ita, ɗan asid kaɗan ya isa ya ci shi. Wannan gyambon yana iya fitowa ko bayan shekara goma, kuma abu uku ne suka fi jawo shi.

Na farko maganin ciwon jiki. Mutum ya wuni a gonar shinkafa ko a kasuwa, da yamma ya biya kyamis ya ce a haɗa masa na gajiya, a ƙulla masa ƙwaya huɗu ko biyar a 'yar leda, babu kwali babu suna. Sau da yawa akwai diklofenak ko ibufurofen ko firoksikam a ciki, wani lokacin ma biyu daga cikinsu. Waɗannan da asfirin suna raunana bangon ciki, allurarsu ma haka take yi. Mai baifas ya rabu da su, mai silib ma kada ya sha sai da izinin likita. Farasitamol ne naku. Wanda likitan zuciya ya ɗora a kan ƙaramin asfirin kada ya daina da kansa, ya koma a duba yadda za a kare masa ciki.

Na biyu taba, har da shisha, domin tana rage jinin da ke zuwa wurin ɗinkin. Na uku ƙwayar cutar H. pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostireliya a 1982, kuma ta yawaita ƙwarai a ƙasarmu. A bahaya ko a numfashi ake gwada ta. Gwajin jini ba ya bambance tsohon kamu da wanda ke nan yanzu. Sai an dakatar da maganin asid mako biyu kafin gwajin, in ba haka ba yana iya nuna babu alhali akwai. In an same ta, maganin kwana 14 ne, a shanye shi duka.

In ƙwannafi ya taso nakan jiƙa kanwa in sha, kuma yana kwantawa. Akwai laifi?

Akwai, Inna. Gaskiya ne kanwa tana kashe kaifin asid, amma haɗuwarsu iska take haifarwa, tumbinki kuma ba shi da wurin ajiye iska, sai ta turo abin da ke ciki sama. Sauƙin na ɗan lokaci ne. Ga gishirin sodiyam da ke cikinta mai tayar da hawan jini. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Abin da ya fi damuna ma shi ne, mai shan kanwa kullum yana rufe alamar gyambon da ke ci gaba da cin sa. Garin nan da ake zubawa a ruwa ya yi kumfa shi ma hukuncinsu ɗaya. 'Yar wadda ake jefawa a miyar kuka ko ɗanwake ba ita nake nufi ba.

In ana neman sauƙin gaggawa, irin su Gaviscon sun fi dacewa, bayan abinci da lokacin kwanciya, domin yana yin kumfa mai kauri a saman abin da ke tumbi. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya gaya wa likita kafin ya mayar da shi na kullum.

Shekara uku ina shan maganin asid na omefrazol kullum. Ba zai cutar da ni ba?

Da farko a duba ko ana shan sa daidai, don mutane da yawa sai ƙirji ya ɗau zafi suke haɗiya. Shi da 'yan'uwansa, esomefrazol da fantofrazol da rabefrazol, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo ake shan su, ciki babu komai. Masu baifas kuma likitoci kan ce su buɗe kafson, su zuba 'yan ƙwayoyin cikinsa a cokalin kindirmo su haɗiye ba tare da tauna ba, domin kafso na iya wucewa bai narke ba.

Wanda asid ya ƙona wa maƙoshi, amfanin maganin ya fi illarsa nesa ba kusa ba, kuma akwai masu silib da za su daɗe a kansa. Illar da ta shafe ku ita ce, jiki na buƙatar asid don ya tsotsi bitamin B12 da sinadarin ƙarfe da kalsiyam, ku kuwa dama tiyata ta rage muku wannan. Maganisiyam ma yakan sauka. Saboda haka awon jini duk shekara ya zama dole. Kada a yanke shi dare ɗaya, asid kan dawo da ƙarfi, a hankali ake ragewa. Wanda ya kai ga shan sa safe da yamma ba a taɓa leƙa cikinsa ba, lokaci ya yi. Ranitidin kuwa an janye shi a ƙasashe da dama tun 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a ciki, famotidin ne ya maye gurbinsa.

Ba na jin komai. Sai na yi kyamarar ciki?

In silib ne, i. Maƙoshi na iya ƙonewa mutum bai ji ba. In asid ya daɗe yana dukansa, fatar cikinsa takan sauya, abin da ake kira cutar Barrett, kuma kaɗan daga cikin masu ita kan kai ga ciwon daji. Ba na faɗa don in tsoratar ba, a binciken Finlan ɗin nan kashi 4 ne kawai aka samu da ita. Amma gano ta da wuri shi ke ba da damar sa ido. Ƙungiyar likitocin tiyatar ƙiba ta duniya ta ba da shawara a 2020 cewa mai silib ya yi endoskofi, wato kyamarar ciki, bayan shekara ɗaya, sannan duk bayan shekara biyu zuwa uku. Ana zuwa ne ba a ci komai ba, a fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, aikin bai fi kwata ɗaya na awa ba.

To me zan ci? Mu nan shinkafa ce abincinmu, safe da dare.

Ba sai an sayo abincin kanti ba. Abin da ke kasuwar Birnin Kebbi ko Jega ya wadatar, tsarin cin ne zai sauya. Mun saba tuwo ne uban tafiya, nama ko kifi a ajiye shi gefe sai an gama. Ku naku a juye yake: a fara da kifi ko ƙwai ko wake ko nama, a bi da ganye, tuwo ya zo ƙarshe, loma biyu ko uku. Dalili kuwa jiki na buƙatar aƙalla giram 60 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a yini, in tuwo ya riga ya cika wurin babu inda za a sa shi. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6. Tsokar kifi mai faɗin tafin hannu, kimanin 20. Kofin kindirmo, kimanin 8. Kofin dafaffen wake, kimanin 13. Ka ga ƙwai biyu da safe, kifi da rana, alale da kindirmo tsakani, wake ko kaza da yamma, an kai.

Allah ya hore mana kifi, daga Argungu har Yawuri. Tarwaɗa, ƙarfasa, giwan ruwa, duk sun fi jan nama sauƙin wucewa, musamman in farfesu aka yi maimakon suya. Mai shi ne babban abokin ƙwannafi, don yana sa abinci ya daɗe a tumbi kuma yana sassauta ƙofar maƙoshi. Shi ya sa alale ya fi ƙosai, awarar da aka dafa a miya ta fi wadda ta sha mai, a kuma rage man shanun da ake kwararawa a kan tuwo. Kilishi, tsiren da ya bushe, ganda da jijiya su ne masu tsayawa a ƙirji. In ana son nama, a dafa shi ya yi luguf, a yanka ƙanana.

Shinkafa tana cika wuri da sauri, tuwonta kuma in ya yi tauri yakan dunƙule. A tuƙa shi da laushi. Sai dai a kula, miyar kuka da ta kuɓewa suna sa loma ta zarce ba a tauna ba, har mutum ya wuce ƙa'ida bai ankara ba. Burodi sabon gashi da taliya su ma suna toshewa. Zogale, rama, kabewa da kabeji a dafa su sosai. Abubuwa masu zare kuwa, irin su rake da goruba da mangwaro mai gashi da farin ɓargon lemo, a tsotse a tofar, domin zaren na iya taruwa ya zama ƙulli a ciki.

Akwai kuma maganar tire. Wanda ke ci tare da jama'a a kwano ɗaya, saurin hannunsu yake bi. Ka ɗebi naka a ƙaramin faranti ka zauna tare da su, ka ɗauki minti 20 zuwa 30 kana ci. Da ka ji nauyi a tsakiyar ƙirji, ko shaƙuwa, ko hanci ya fara yoyo, to ka ƙoshi, lomar da za ta biyo baya ita ce mai dawowa. A wurin biki ko walima, in an matsa maka, ka ce likita ya hana. Ba ƙarya ka yi ba.

Da gaske ne har yanzu ba zan sha ruwa a kan abinci ba?

Da gaske ne. Ga mai silib, ruwa a kan abinci cika tumbi yake yi ya turo asid. Ga mai baifas, wanke abincin yake yi ya tura shi hanji da sauri. A jira minti 30 bayan an gama. Amma kada wannan ya sa a ƙaurace wa ruwa. Ana son aƙalla lita ɗaya da rabi a yini, wato ledar fiya-wata uku, a bazara kuwa da zafi ke haura digiri 40, huɗu ko fiye, kurɓi-kurɓi. Masu baifas suna da saurin samun tsakuwar ƙoda, ƙarancin ruwa kuma shi ke gina ta. In fitsari ya yi ja, ruwan bai isa ba. Lemon kwalba mai gas kuwa a bar shi.

In na sha fura sai zufa ta karyo mini, zuciya ta riƙa bugawa, jiki na rawa. Mene ne wannan?

Abu mai zaƙi ne ya faɗa hanji gaba ɗaya. Iri biyu ne. Akwai mai zuwa minti 10 zuwa 30 bayan an sha, da murɗawar ciki, tashin zuciya, zawo da son kwanciya. Akwai kuma mai zuwa bayan awa ɗaya zuwa uku: suga ya hau da sauri, jiki ya saki insulin da yawa, sai sugan ya faɗo ƙasa warwas. Wannan na biyun yakan fara ne shekara ɗaya ko fiye bayan tiyata, ya fi kama masu baifas, kuma yana iya kai mutum ga suma. Direba da mai babur su ɗauke shi da muhimmanci.

Ba sai an rabu da fura ba. Nono ya fi yawa, fura kaɗan, babu suga, a dama da kauri, rabin kofi, a sha da cokali a hankali. Kunun zaƙi, zoɓo mai suga, lemon malt da shayi mai madarar gwangwani duk hanyarsu ɗaya. Zuma ma suga ce a wannan babin. In abin ya zo, a auna sugan jini da na'urar yatsa. In ya gaza 70, a sha ƙwayar suga uku a ɗan ruwa, in an dawo hayyaci a bi da ƙwai ko gyaɗa. In yana maimaituwa a ga likita, akwai magani.

Yaji, tsamiya, goro da shayi fa?

Ba na ba kowa doguwar takardar haramci, don abin da ke tayar wa wani ba ya tayar wa wani. Waɗanda aka fi kuka da su su ne attaruhu, soyayyen tumatir, ɗanyar albasa ko da ta Aliero ce mai daɗi, kunun tsamiya, zoɓo, na'ana'a, kofi da goro. Ka riƙe ɗan littafi mako biyu, kana rubuta abin da ka ci da lokacin da ƙirji ya yi zafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shayi yana da wata matsalar daban: yana hana jiki tsotsar ƙarfe, don haka a raba shi da abinci da kuma ƙwayar ƙarin jini da awa ɗaya ko biyu.

Da dare ne abin ya fi tsanani, har a sujada ruwan tsami kan zo mini baki.

Baba, lokacin cin tuwon dare ne ya kamata ya matso. In ka ci tsakanin Magariba da Isha'i, ka sunkuya da cikakken tumbi, sannan ka kwanta ba da jimawa ba. Ka gwada mayar da babban cin kafin Magariba, bayan Isha'i sai kurɓin ruwa kawai. A bar awa uku tsakanin loma ta ƙarshe da kwanciya. A sassauta tazuge ko bel, mata kuma ɗaurin zani.

A ɗaga kan gado da bulo, santimita 15 zuwa 20. Mai kwana a katifa a ƙasa ya cusa naɗaɗɗen bargo a ƙarƙashinta daga kugu zuwa kai. Tara matasai ba ya yi, lanƙwasa ciki yake ya ƙara matsi. Mutane da yawa sun fi samun sauƙi in sun kwanta ta hagu. Kana iya farawa ta dama ka yi addu'o'inka, sannan ka juya. Tarin dare, dashewar murya da safe, da haƙoran da ke zaizayewa, duk asid na iya jawo su. In ya zo baki a kurkure da ruwa, kada a goge haƙori nan take.

Na daina shan bitamin tun da na ji ƙarfi. Dole ne in koma?

Dole ne, yau ba gobe ba. Hanta na iya ajiye B12 na shekaru, shi ya sa mutum ke jin garau har ajiyar ta ƙare. Daga nan sai kasala, haki, mantuwa, tafin ƙafa ya riƙa yi kamar ana tsira allura. A nan sau da yawa sai a ce maleriya ce ko taifot, a yi ta magani, alhali jini ne ya yi ƙasa. Lalacewar jijiya in ta daɗe ba ta gyaruwa duka.

Abin da aka saba bayarwa shi ne haɗaɗɗen bitamin kullum, B12 ta baki ko ta allura duk wata ɗaya zuwa uku, kalsiyam miligiram 1,200 zuwa 1,500 a yini, a rarraba, kuma nau'in sitiret ya fi don ba ya buƙatar asid, bitamin D, da ƙarfe miligiram 45 zuwa 60, musamman ga mata masu al'ada. A raba ƙarfe da kalsiyam da awa biyu. Tonik ɗin ƙarin jini na kwalba ba ya maye gurbin waɗannan. Duk shekara a auna yawan jini, ajiyar ƙarfe, B12, folet, kalsiyam da bitamin D.

Wani abu da nake so kowa ya haddace: bitamin B1 ajiyarsa ba ta wuce mako biyu zuwa uku. Wanda ya yi kwanaki yana amai, in an kai shi asibiti, a gaya musu an yi masa tiyatar tumbi, a ba shi B1 kafin ƙarin ruwa mai suga. Rashin yin haka na iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Zan iya azumi?

A shekarar farko likitoci kan hana. Bayan shekaru, mutane da yawa suna yi lafiya, in sun tsara. Matsalar tana wurin buɗa-baki, inda kunu mai suga da ƙosai da ruwan sanyi ke haɗuwa cikin minti biyar. A buɗe da dabino ɗaya da kurɓin ruwa, a yi salla, a ci gaba da kurɓa, sannan a ci mai furotin. A raba cin kashi uku zuwa sahur, ruwa a tsakaninsu. Maganin asid a sha minti 30 kafin sahur, kuma kada a koma shimfiɗa da an idar da Asuba, a ɗan zauna.

Mai gyambon da bai warke ba, mai faɗuwar suga, mai tsakuwar ƙoda, mai yawan amai da mai allurar insulin, su ga likita tun cikin Sha'aban. Allah ya yi rangwame ga marar lafiya a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. Ko ramuwa ce ko ciyarwa, wannan malamai za a tambaya.

Ina da juna biyu, shekara huɗu bayan tiyata.

Allah ya raba lafiya, 'yar'uwa. Kin wuce watanni 12 zuwa 18 da ake cewa a jira. Ki faɗa musu a wurin awo tun zuwan farko, a riƙa duba jininki duk wata uku. In baifas ne, kada a ba ki ruwan sugan nan na gwajin ciwon suga, a yi miki awon yatsa na kwanaki a maimakonsa. Ciwon ciki mai tsanani kuma kada a ce na juna biyu ne kawai, hanji na iya sarƙewa. Lokacin jego, a yi wa su Inna bayani tun da wuri cewa ba za ki iya shan kunu kwano-kwano ba.

Ƙiba ta fara dawowa. Tumbin ne ya buɗe?

Dawowar wani abu bayan shekara ta biyu ba baƙon abu ba ne. Abin da na fi gani shi ne, mai ƙwannafi yana gudun nama da wake don suna masa zafi, sai ya koma kunu, shayi, biskit da fura, masu wucewa salin-alin ba su ƙosar ba. A nan maganin asid ɗin shi ne matakin farko na rage ƙibar. Allurar semaglutayid da ake yayi tana aiki, amma tana jinkirta fitar abinci daga tumbi, tana iya ƙara ƙwannafi, sai da likita. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a waya kuwa, yawanci zawo kawai yake sawa.

In magani ya gaza, akwai wata tiyatar?

Akwai. Wadda aka fi yi ita ce mayar da silib ya zama baifas, tare da gyara ƙofar tantanin in tumbi ya haura. Aikin da ake yi wa sauran masu ƙwannafi, na naɗe saman tumbi a wuyan maƙoshi, ba ya yiwuwa yadda aka saba, don wannan ɓangaren ne aka cire. Tiyata ta biyu ta fi ta farko wuya, sai a hannun wanda ya saba yin ta, bayan an yi kyamara da hoto. Wanda ya koma baifas kuma ya san dokar bitamin da ta maganin ciwon jiki za su ƙara tsauri a kansa.

Yaushe ne ba a jira gari ya waye, kuma ina za a nufa?

Aman jini ko amai baƙi mai gari-gari. Bahaya baƙi mai danƙo da wari, wanda ya bambanta da duhun da ƙwayar ƙarfe ke sawa. Ciwon ciki mai tsanani da ya wuce awa biyu. Amai ya hana ko ruwa zama. Abinci ya riƙa tsayawa, kullum abin na ƙaruwa. Ruɗewa, gani biyu-biyu ko tangaɗi. Zafin ƙirji da zufa da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi kuwa a ɗauke shi ciwon zuciya ne har sai an tabbatar ba shi ba ne.

A nufi sashen gaggawa mafi kusa. A Birnin Kebbi akwai asibitin gwamnatin tarayya da aka saba kira FMC, da Asibitin Sir Yahaya, ga kuma na Kalgo. Wanda ke Zuru ko Yawuri ko Argungu ya fara da babban asibitin garinsu, in da buƙata su tura shi gaba. Don ganin ƙwararren likitan ciki da hanji, a nemi takardar turawa, ko da zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne a Sakkwato. A tafi da rahoton tiyata, da sakamakon awon jini na baya, da kwalayen duk abin da ake sha, har da na gargajiya.